Yadda Mandolin Ya Ƙi Zama a Tumbin Don Aniello

Don Aniello Cacciapuoti, wanzamin lungunmu da ke bayan kasuwar kifi ta Napoli, ya rasu a shekarar da aka jawo wa unguwarmu wutar lantarki. Tun daga ranar jana'izarsa har yau, duk wanda ya ambaci sunansa da dariya yake rufe baki, kuma kowa yana ba da labarinsa yadda ya ga dama. Ni Crescenzo, da na ƙare ƙuruciyata ina dako a tashar jiragen ruwa, alƙalami bai shiga hannuna ba sai da furfura ta fara shiga kaina, saboda haka ba na ɓata tawada a kan abin da ban gani da idona ba. A kujerarsa aka yi mini askin aure, kuma ina cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa. Abin da ya auku tsakanin waɗannan ranaku biyu shi zan rubuta.

Mahaifinsa kayan ciki yake sayarwa a bakin kasuwa. Da ya lura ɗan nasa ya fi son cin hajar a kan sayar da ita, sai ya kai shi koyon aski wurin Don Saverio, tsohon wanzamin lungun. Aniello ya koyi aska, ya koyi cire haƙori da ɗora matsattsaku, daga bisani ya auri 'yar maigidansa, Donna Immacolata, mace gajera mai kaifin ido wadda ba ta taɓa sayen kifi ba tare da ta ɗaga masa kunne ta leƙa ba. Dole in faɗi gaskiya a kan hannunsa: askarsa ba ta taɓa yanka kowa ba. Yakan bi gemun mutum kamar mai shafa kan jariri. Amma abu ɗaya ya bari a hannun surukinsa bai karɓa ba, shi ne kiɗa.

A wurinmu shagon aski ba wurin aski kaɗai ba ne. Mai jiran layi yana da haƙƙin a kaɗa masa mandolin, wani ɗan molon Turawa mai zagayayyen ƙoƙo, kamar yadda yake da haƙƙin kujera da gulma. Idan babu kowa a ƙarƙashin aska, wanzami ya sauko da mandolinsa daga ƙusa ya kaɗa a bakin ƙofa, don masu wucewa su tuna da gemunsu. Don Saverio ya yi haka har ƙarshen ransa. Da ya mutu, ɗansa ya naɗe mandolin ɗin a bargo ya hau jirgi da shi zuwa Amurka, ya bar wa ƙanwarsa da mijinta kujeru biyu, madubi ɗaya, da ƙusa tsirara a bango.

Shekaru suka shuɗe shagon yana shiru, mutane kuma suna zuwa saboda babu wani. A cikin shekarun nan ne Don Aniello ya gina tumbinsa. Bai gina shi da gaggawa ba. Taliya da miyar tumatir da ranakun Lahadi ne suka haɗu suka yi aikin, har ya kai idan zai aske wa mutum kumatun hagu sai ya zagaya, domin tumbin ba ya barin hannu ya kai daga dama. Yana alfahari da shi, yana cewa shaida ce ta shagon da ke ciyar da mai shi.

Sai ga Pascale Improta, wani siririn saurayi mai dogayen yatsu, ya kama ɗakin da ke fuskantar nasa ya rataya alamar aski. Askinsa ba abin yabo ba ne. Mutane kan fito daga wurinsa da ɗigon jini a haɓa. Amma idan ya ɗora mandolin a ƙirji ya sa tsirkiya ta yi karkarwar nan mai kama da numfashin mai kuka, mata kan dakata da shanya a baranda, mai turo amalanken lemo kan manta da kiran hajarsa. Mazajen lungun suka fara tsallake hanya ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana kau da kai idan ya zo daidai ƙofar Don Aniello. Wasu har cewa suke yi gara a yanke su da kiɗa da a lallaɓa su cikin shiru kamar gawa.

Donna Immacolata ce ta yanke maganar, wata rana da tsakar rana, a gabana, ni kaɗai ne a kujera da kumfa a fuska. Ta dubi ƙusar bangon, ta dubi mijinta, ta ce masa ko dai ya rataya wani abu a can ya kuma koyi sauko da shi, ko kuwa su fara tunanin komawa sayar da kayan ciki irin na ubansa. Ya ce mutum mai shekara hamsin ba ya koyon kiɗa. Ta ce mutum mai shekara hamsin yana koyon yunwa cikin sauƙi.

Haka ya fara. Ya aro wani tsagaggen mandolin wurin baduku, ya samo malami, wani tsoho mai suna Don Ferdinando da ya ƙare rayuwarsa yana kaɗa wa masu cin abinci a bakin teku, wanda kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan kuma yana hanya. Ina ganin wannan ne ya sa shi kaɗai ya iya jure aikin. Kowace Litinin, ranar da wanzamai ba sa aski, sai a rufe ƙofar shagon, mu ji wani abu yana fitowa ta ƙasan ƙofa kamar ana jan kujerar ƙarfe a kan dutse. Kuliyoyin kasuwar kifi, waɗanda ko sanda ba ta korarsu, suka ƙaura zuwa wancan gefen.

Don Aniello bai taɓa zargin yatsunsa ba. Ya ce laifin mandolin ɗin baduku ne, kuma babu wanzamin da zai yi aski mai kyau da askar aro. Malaminsa, da ya gaji da gardama, ya amince cewa gaskiya ne kayan kirki yana jan mai koyo gaba, ya kuma tura shi wurin Mastu Liborio, masassaƙin mandolin da ke saman tudu. Donna Immacolata ta sa aka sayar da kujerar aski ta biyu, tunda an daɗe babu wanda ya zauna a kanta. Ta ce masa ya sani cewa rabin shagon ne zai ɗauka ya hau tudun nan da shi.

Ni ya zaɓa in raka shi, domin ya ji ana cewa masassaƙa suna liƙa sunansu a cikin ƙoƙon, kuma ba ya son a sayar masa da aikin wani. A lokacin na riga na fara karatu a makarantar yamma ta ƙungiyar 'yan dako, kuma babu wani a lungun da zai karanta masa ba tare da ya yi masa ba'a ba.

Shagon Mastu Liborio yana warin danko da itace da giyar jiya. Shi kansa dogon tsoho ne mai jan hanci, wanda ya ɗauki duk mai shigowa shagonsa a matsayin jaki har sai ya nuna akasin haka. Yana da hanyarsa ta sayarwa da kowa ya sani: ba ya tambayar mutum wanne yake so. Yakan sa shi ya tsaya, ya ɗora masa mandolin a jiki, ya ce ya sassauta hannu, kamar yadda tela ke gwada riga. Wanda ya zauna shi ne naka. Ya zagaya Don Aniello yana dubansa, ya tsaya a gaban tumbin ya yi masa kallon girmamawa, sa'an nan ya shiga ciki ya fito da wani mandolin mara ado, mai ƙoƙo marar zurfi, mai launin ɓawon burodi.

Don Aniello bai ko bari an ɗora masa ba. Ya ce wannan ya yi kama da kan da aka aske ƙwal, kuma bai sayar da kujera don ya sayi sanƙo ba. Sai ya yi abin da kowane wanzami zai yi: ya tambaya ina madubi. Mastu Liborio ya ce a shagonsa da kunne ake kallo. Amma idon Don Aniello ya riga ya hau can saman bango, inda wani mandolin ke rataye shi kaɗai. Ƙoƙonsa zurfi gare shi kamar rabin kankana, an haɗa shi da siraran itatuwa masu yawa da aka goge har suna ɗaukar ido, gabansa kuma an yi masa adon malam-buɗe-littafi da ɓawon dodon-koɗin teku mai walƙiya. Wata baƙuwar mace ce daga ƙasashen sanyi ta sa aka yi mata, siririya kamar sandar shara, ta tafi ba ta dawo ba.

Ba zan zalunci kayan ba. Da Mastu Liborio ya sauko da shi ya ɗan taɓa tsirkiyoyin, na matso kusa don in ji da kyau. Ban taɓa jin murya irin wannan daga itace ba, kuma na Pascale ba ya kusa da shi. Na leƙa ciki na karanta sunan, na tabbatar aikin tsohon ne. Don Aniello kuwa ba ya sauraro. Ya hango fuskarsa a bayan ƙoƙon, yana gyara gashin baki.

"Don Aniè," in ji masassaƙin, "bayansa zagaye ne, gabanka ma zagaye ne. Idan suka haɗu, ɗaya zai kori ɗaya, kuma ban ga alamar naka zai matsa ba."

"Mastu Libò, na riƙe kan mashayi yana tangaɗi na aske shi ban yanke shi ba. Itace ne zai gagare ni?"

"Kan mashayi yana da kunnuwa da za ka kama."

Daga nan tsohon bai ƙara ja ba. Ya faɗi gaskiya sau ɗaya, ya ga ya sauke nauyi, kuma kayan ya daɗe yana tare masa bango. Ya karɓi abin da ya karɓa, ya ba shi wata guntuwar fata mai kaushi, ya ce ya riƙa sa ta tsakanin cikinsa da ƙoƙon, kada kuma ya shafa wa itacen komai sai busasshen ƙyalle. Don Aniello ya murza fatar tsakanin yatsu, ya yaba da ita ƙwarai. Da muka dawo ya rataye ta a gefen madubi, ya mai da ita abin wasa aska, ya kuma ce bai taɓa samun wadda ta kai ta ba.

Game da busasshen ƙyalle kuwa, bai ga hikimar maganar ba. A saninsa duk abin da yake zagaye, mai sheƙi, kuma mai daraja, mai ake shafa masa. Kowace safiya, bayan ya gyara kansa, sai ya zuba man gashi mai ƙamshin furen lemo a tafin hannu, ya bi bayan mandolin ɗin da shi a hankali, kamar yadda yake yi wa kan alƙali. Abin bai nuna kansa da wuri ba, domin a zaune yake koyo, da farin ƙyallen aikinsa mai kauri a gaba, cinya kuma ta tokare ƙoƙon daga ƙasa. Yakan ɗan zame, shi kuma ya ɗan jawo shi, yana cewa kayan kirki haka yake, kamar doki mai jini.

Ya tsai da ranar da zai fito wa duniya: ranar bikin Sant'Anna, waliyyiyar lungunmu. A wannan rana ana zagayawa da mutum-mutuminta a kafaɗun maza, kuma takan tsaya a ƙofar duk wanda ya shirya mata wani abu. Mai gasa burodi ya watsa fure, wanzami kuma ya yi mata kiɗa. Tun rasuwar Don Saverio waliyyiyar take wuce ƙofarsu ba ta tsayawa, kuma wannan ya fi rashin masu aski ci wa Donna Immacolata rai. Sai dai ba a kaɗa wa waliyyi a zaune, ba kuma a fita gabanta da ƙyallen aiki.

Da hantsi ya fito cikin falmaran ɗinsa ta siliki, wadda ya yi aure da ita aka kuma yi ta faɗaɗawa daga baya. Saboda girman ranar ya ninka wa mandolin mai. Lungun ya cika maƙil, kawuna sun leƙo daga kowace baranda. Waliyyiyar ta fara tsayawa a ƙofar Pascale, ya kaɗa mata wani abu mai sanyi da ya sa tsofaffin mata share ido. Sa'an nan masu ɗauke da ita suka juyo da ita, suka fuskanci Don Aniello. Ya rusuna gwargwadon yadda tumbin ya bari, ya ɗora mandolin a kan silikin, ya danna shi da damtse da ƙarfin mai jin tsoro, ya buga tsirkiya.

Sauti uku ko huɗu muka ji, babu wanda ya san ɗan'uwansa a cikinsu. Sai ƙoƙon ya suɓuce daga ƙarƙashin damtsensa kamar sabulu a hannun mai wanka. Bai faɗi ƙasa ba. Sama ya yi. Ya wuce kan fada, limamin cocinmu, ya juya a iska malam-buɗe-littafin nan yana walƙiya, ya sauka a cikin tarin furannin da ke ƙafafun Sant'Anna, ya kwanta lafiya lau ko tsirkiya ɗaya ba ta tsinke ba. Don Aniello ya tsaya hannayensa a yadda suke, yana kaɗa falmaran.

Sai wata tsohuwa mai sayar da dafaffen wake ta ce, da muryar da kowa ya ji, waliyyiya ta yi abin al'ajabi, ta ji tausayin kunnuwan bayinta ta karɓe. Masu ɗauke da ita suka fara girgiza saboda dariya har aka ji tsoron za su kayar da ita. Fada ya ɗauko mandolin ɗin da yatsu biyu, ya shinshina hannunsa, ya miƙa wa Don Aniello. Na duba wajen Donna Immacolata ina zaton zan ga mace mai neman ƙasa ta tsage. Ba mijinta take kallo ba. Jama'ar take kallo, da irin idon da take duban kifi.

Washegari kafin a buɗe shago akwai layi. Mutanen da suka shekara ba su taka ƙofar ba suka dawo da gemunsu, har da waɗanda ba su da gemun. Kowa da roƙo ɗaya: Don Aniè, a ɗan taɓa mana, amma a tsaye, domin a tsaye muryarsa ta fi fita. Shi kuwa ya ɗauka cewa sautukan nan uku ko huɗu ne suka shiga zukatan mutane, tsautsayi ne kawai ya katse. Ya sa falmaran, ya tsaya, ya buga. Wani lokaci ya kai tsakiyar waƙa, wani lokaci ko farko bai gama ba, amma ƙarshen ɗaya ne. Matasa suka riƙa jeruwa a bango don su cafe. Ya taɓa sauka a kwanon kumfa, ya taɓa fita ta ƙofa ya faɗa kwandon mai latas. Labari ya kai tashar jirgi, ma'aikatan jiragen ƙasashen waje suka riƙa hawowa lungunmu a aske su. Ba a daɗe ba Donna Immacolata ta sayo kujera ta biyu, ta ƙara da benci.

A ɗaya gefen hanyar Pascale yana zaune a ƙofarsa yana kaɗa wa kujera marar kowa. Kullum kiɗansa ƙara kyau yake yi, kullum kuma mutane suna juya masa baya don kada tashin mandolin ya wuce su. Muna kiran kanmu mutanen da suka fi kowa son waƙa a duniya, muna faɗa wa baƙi haka, har muna dafa ƙirji. Na ga abin da muka zaɓa da aka ajiye mana waƙa a hannun dama, faɗuwar mutum a hannun hagu. Kafin wani bikin ya zagayo Pascale ya sauke alamarsa, ya bi jirgi zuwa Ajantina. Ni ne na ɗaukar masa akwati, kuma babu nauyi.

Mastu Liborio ya ji labari ya sauko daga tudu wata rana da safe, lokacin da maigidan ya fita. Da ya shafa bayan mandolin ɗin ya ga hannunsa yana maiƙo, jan hancinsa ya koma fari. Ya ce a goge shi yanzu, a liƙa masa fata, in ba haka ba itacen zai sha mai ya kurumce. Donna Immacolata ta ba shi gahawa, ta gode masa, ta raka shi har bakin hanya. Da ta dawo ta same ni a benci, ba ta ɓoye mini komai ba. Ta sauko da kwalbar man, ta ƙara wa ƙoƙon a inda mijin bai kai ba.

Na ce mata mutumin nan da gaske yake koyo, kuma ranar da ya gane ba zai ji daɗi ba.

"Don Crescè," in ji ta, "kai da ka yi karatu, gaya mini: wanda ya iya kiɗan, yanzu yana ina?"

Ta mayar da kwalbar inda take.

Da gaske kuwa yake koyo. Wannan shi ne abin da masu ba da labarinsa ba su sani ba. Malaminsa ya mutu, shi bai daina ba. Kowace Litinin ƙofa a rufe, a zaune, shekara bayan shekara, yana bin waƙa ɗaya har yatsun nan masu sanin gemu suka fara sanin tsirkiya. Kuliyoyi suka dawo. Amma a tsaye, a gaban jama'a, ba a taɓa barinsa ya kai inda za a gane ba, domin tumbi da mai ba su taɓa saɓa alkawari ba.

Sai ciwo ya kama shi a wani lokacin sanyi, ciwon ciki da ya hana shi taliya da miya. Ya yi watanni a kwance. Da ya tashi, falmaran ɗin tana lilo a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa. Ranar da ya sake buɗe shago lungun ya taru don yi masa barka, kuma kowa ya san irin barkar da ya zo nema. Matasa suka jeru a bango. Ya sauko da mandolin, ya tsaya, ya ɗora shi.

Ƙoƙon ya shige ramin da tumbin ya bari, ya zauna daram kamar don nan aka sassaƙa shi. Don Aniello ya kaɗa waƙar daga farko har ƙarshe. Mai ya sa muryar itacen ta ɗan dushe, gaskiyar Mastu Liborio ce, amma abin da ya rage ya isa. Karkarwar tsirkiyar ta fito sumul, ba gaggawa, irin ta mutumin da ya daɗe yana jiran a bar shi ya gama magana. Ni dai na sunkuyar da kai.

Da ya gama, matasan suna nan hannuwansu a buɗe. Wani ya yi tari. Wani ya ce ba laifi, ya tuna yana da aiki a kasuwa. Suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana kau da kai kamar yadda suka yi a zamanin Pascale. Kwanakin da suka biyo baya benci ya koma wurin barcin kyanwa. Donna Immacolata ta ƙarar da kwalba guda a bayan ƙoƙon, a banza.

Wata rana ina kujera, ni kaɗai kamar farko, ya tsaya da aska a hannu yana kallon bencin ta cikin madubi.

"Crescè, ka ji ni ranar nan. Na yi kuskure a wani wuri?"

Na ce ko ɗaya.

"Haka ni ma na ji," in ji shi. Ya daɗe yana wasa askar a jikin fatar nan ta Mastu Liborio. Sai ya tsaya, ya dubi fatar, ya dubi mandolin a ƙusa, ya dubi matarsa da ke bakin ƙofa tana ɓare wake. Ita ba ta ɗago ba. Ya ƙarasa mini askin, kuma ko a ranar askarsa ba ta yanke ni ba.

Washegari da safe Don Aniello ya fito da tumbi. Lungun ya yi murna, aka ce lafiya ta dawo, aka yaba wa girkin Donna Immacolata. Ya tsaya a tsakiyar shago cikin falmaran ɗin siliki da ta sake cika, ya ɗora mandolin, ya danna da damtse. A tsakiyar waƙa ya tashi sama, wani ɗan mahauci ya cafe, shagon ya ɗauki shewa. Don Aniello ya tsaya hannayensa a iska, da fuskar mamakin nan da suka saba gani, sai dai yanzu shi ya ɗora ta da kansa. Benci ya cika kafin rana ta take.

Haka ya ci gaba har ƙarfinsa ya ƙare, kuma shagon bai sake zama shiru ba. Ranar Litinin kaɗai, idan ka bi ta ƙofar a rufe ka rage tafiya, za ka ji waƙa tana tafiya har ƙarshenta. Mutanen lungun da suka ji sukan ce wani baƙo ne yake ziyartarsa.

Da ya rasu, mu da muka shiga shirya shi muka kwance falmaran ɗin, muka sami ƙaramin matashin kai ɗaure da igiya a cikinsa, ya lotsa a tsakiya daidai inda ƙoƙon ke dannawa. Donna Immacolata ta karɓe shi daga hannuna, ta kaɗe shi, ta mayar inda yake, ta ɓalla maɓallan da kanta. Ta ce jama'a za su shigo ganinsa, kuma ba za su gane shi ba idan babu.

Sun shigo kuwa, lungun gaba ɗaya. A bayan akwatin, har muka isa coci, ina jin su suna tuna wa juna ranar Sant'Anna da ranar kwandon latas, suna toshe baki da hula. Wani a kusa da ni ya ce Allah ya jiƙan Don Aniello, mutumin kirki, shekaru masu yawa yana fama bai taɓa koyon kiɗan nan ba. Akwatin yana kafaɗata, kuma bai fi akwatin kayan Pascale nauyi ba sosai.